Surukata ta zo mini wankan jego a Amurka, yanzu gidan ya yi mana kaɗan

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, shekarata 31. Shekara huɗu ke nan muna zaune da maigidana a wani gari a jihar Ohayo ta Amurka, dukanmu da katin zama na dindindin. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina aikin dare sau uku a mako, awa 12 kowane dare. Shi yana aiki a wani babban sito da rana, Asabar da Lahadi kuma ya ɗauki fasinja da motarsa. Yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 4 da jaririya 'yar wata 4.

Da haihuwa ta matso sai ya ce mahaifiyarsa ce za ta zo. Ni Ummata nake so, amma na yi shiru. Hajiya ta zo, kuma tsakani da Allah ta yi mini hidima har na yi arba'in. Na koma aiki bayan mako takwas domin ba a biyan albashi a lokacin hutun. Daga nan komai ya dagule. Tana ba jaririya ruwa da zuma, tana kwantar da ita rub da ciki, in na yi magana ta ce ta raini 'ya'ya takwas. Makon jiya ta tsula wa yaron wayar caja, sawu ya fito a cinyarsa, har malamarsa ta ja ni gefe ta tambaye ni. Tana tura wa 'ya'yanta mata saƙon murya a WhatsApp cewa ina barci har azahar, ɗanta ne ke wanke kwanuka. Su kuma suna ta yi mini habaici, alhali duk wata sai mun aika musu kuɗi. Ni da shi mun koma magana da Turanci in ba ma so ta ji. Duk abin da na kai masa sai ya ce in yi haƙuri, uwa ce.

Saura wata biyu wa'adin zamanta ya cika. Yanzu yana cewa ta zauna kawai, domin gidan raino zai ci dala 1,200 a wata, kuma in ta tafi ba lallai ta sake samun biza ba. Ummata kuma ta ja baya da ni a waya. Ba na ƙin Hajiya, amma in na dawo daga aiki sai na zauna a mota na yi kuka kafin in iya shiga gidana. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki, Allah Ya raya, Ya shirya mana su. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne kukan nan na mota, don haka da shi zan fara. Macen da ta haihu wata huɗu da suka wuce, ta kwana a tsaye awa 12 tana juya marasa lafiya, ta dawo ta shayar, ta ɗan runtsa da kunne ɗaya a buɗe, ko dutse ce sai ta tsage. Mai yiwuwa gajiya ce zalla. Mai yiwuwa kuma ciwon damuwar bayan haihuwa ne, wanda hukumar lafiya ta Amurka, CDC, ta ce kusan mace ɗaya cikin takwas na nuna alamunsa. Kin san wannan a jikin wasu fiye da ni, sai dai wanzami ba ya son jarfa. Ki ga likitarki cikin makon nan, ki faɗa mata yadda kika faɗa mini, ba tare da kin rage komai ba. Akwai kuma layin da gwamnatin tarayya ta buɗe wa masu ciki da masu jego a 2022, kyauta, dare da rana: 1-833-852-6262. In har wata rana zuciyarki ta raya miki cutar da kanki, to kada ki jira gari ya waye, ki kira 988, layin agajin gaggawa na masu irin wannan tunani, a lokacin.

Yanzu mu ƙirga hannuwa. Da a Zariya kika haihu, akwai Umma, akwai gwaggo, akwai ƙanwar da za a turo ta zauna da ke, akwai maƙwabciya da za ta karɓi yaron ya yini a wurinta ba tare da an ce mata na gode ba, akwai yaron aike. A Ohayo ku uku ne, biyu daga ciki suna fita neman kuɗin haya. Ƙasar da kuke ciki ba ta da wata dokar tarayya da ta tilasta a biya mai jego albashi tana gida. Dokar da ake da ita, FMLA ta 1993, mako 12 take bayarwa ba biya, shi ma sai ga wanda ya shekara a wurin aikin, ya yi awa 1,250, kuma wurin yana da ma'aikata 50 ko fiye. Wasu jihohi sun yi tasu dokar mai biya, kamar Kalifoniya tun 2004 da Niyok tun 2018, amma taku ba ta ciki. Amurkawan da aka haifa a can ma da wannan suke fama, shi ya sa da yawansu ke jingina da kakanni. Na faɗa miki wannan ne don ki daina tuhumar kanki. Kayan mutum goma aka ɗora wa mutum uku, kowa ya gaji, kuma gajiyayye yakan ga laifin wanda ya fi kusa da shi.

Zan daɗe a kan Hajiya, ki yi haƙuri da ni, domin a nan nake ganin mabuɗin yake. Wannan mata ce da ta baro gidan da ake sallama tun asuba ana gaishe ta, jikoki na shiga suna fita, yau suna gobe biki jibi ta'aziyya, ga islamiyyarta, ga ƙawayenta. An kawo ta ɗaki biyu da falo a ƙasar da in sanyi ya shigo rana kan faɗi kafin ƙarfe shida, ba ta jin yaren, ba ta tuƙi, ko kanti ba za ta iya zuwa ita kaɗai ba. Lokacin da take karyawa, mutanen gida sun yi azahar. In ta gama da yara ta ɗauki waya, rabinsu sun kwanta. Wayar nan ita ce zaurenta, ita ce ƙofar gidanta, kuma mutumin da ba shi da labari sai na cikin ɗaki, labarin cikin ɗakin zai bayar. Ban ce ta kyauta ba, domin ba ta kyauta ba. Amma ki lura da wani abu: a gidan nan ita ma ma'aikaciya ce, wataƙila ma ta fi kowa tsawon awanni, da jaririya a baya da ɗan shekara huɗu mai hawa kan kujeru, kuma ita ba ta da ranar hutu. Yaushe rabon da wani ya tambaye ta ko bayanta na ciwo?

Sannan abin da idonta ke gani ya saɓa wa duk abin da ta taso a kai. A duniyarta, namiji a bakin kwanuka matarsa na kwance, fassara ɗaya gare shi: raini, ko an mallake shi. Ba ta taɓa ganin ɗakin marasa lafiya da ƙarfe uku na dare ba, ba ta san nawa ne kuɗin haya ba, ba ta san cewa wataƙila albashinki ne ke riƙe da inshorar lafiyar jikokinta ba. Gani ya kori ji. Maigidanki ya zaunar da ita ya nuna mata lissafin gidan, abin da ke shigowa daga kowa da abin da ke fita. Wata safiya ya ɗauko ta su zo ɗaukarki a asibiti, ta ga fuskokin masu fitowa daga aikin dare, ta ga taki a cikinsu.

Ke ma akwai naki, kuma na san za ki iya ji. Turancin nan da kuke yi a gabanta ku daina daga yau. Ko ba ta jin kalma ɗaya, ta san da ita ake. Babu abin da ke ƙona zuciyar dattijuwa kamar ɗan da ta haifa ya juya harshe a gabanta shi da matarsa. Maganar sirri tana da ɗaki, tana da mota. Na biyu, shirun da kika yi tun farko a kan Umma bai tafi ko'ina ba, yana nan a ƙirjinki, kuma ina zaton yana ƙara wa kowane kuskuren Hajiya nauyi. Ba ita ta hana Umma zuwa ba. Ke da mijinki ne ba ku yi maganar ba.

To amma akwai abubuwan da ba a sulhu a kansu, ko ran wa zai ɓaci. Zuma kafin jariri ya shekara tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke kashe masa jijiyoyi har numfashi ya gagara. Ruwa kafin wata shida yana cika masa ciki ya rage shan nono, in ya yi yawa ya tsinka gishirin jininsa. Kwanciyar rub da ciki kuwa, tun da aka fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a Amurka a 1994, mutuwar jarirai cikin barci ta ragu da kusan rabi. Kin san duk wannan. Matsalar ita ce daga bakinki yake fitowa, kuma a kunnen Hajiya ke yarinya ce da ta haifi biyu tana koya wa wadda ta raini takwas. Ku canza bakin. Ku nemi ganin likitan yara, ku tafi da ita a matsayin mai kula da jaririyar, ku roƙi a haɗa ku da tafintan Hausa ta waya, asibitoci da yawa suna yi kyauta in an nema tun da wuri. Likita ya yi mata bayani ita da kanta, ya tambaye ta, ya saurare ta. Dattawanmu suna girmama maganar likita in an girmama su. Kuma tana da misali daga garinku: tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kunun kanwa da gashin zafi, kuma mata da yawa na zamaninta sun rage kanwar ba tare da sun ji an zagi iyayensu ba.

In kin karɓe mata abu uku, ki miƙa mata goma. Wankan jaririya, tausa, goyo, waƙar raino, kitson 'yar in gashi ya fito, kunun gyaɗarki, koya wa yaron Fatiha da gaisuwa da Hausa mai kyau, duk fagenta ne, kuma ta fi ki iyawa. Ki tambaye ta, ki bar ta ta gyara miki. Macen da ake neman saninta kowace rana ba ta cika kafewa a kan zuma ba.

Maganar duka ta fi komai gaggawa, kuma ina so maigidanki ya karanta wannan sakin da idonsa. A Amurka malamai da likitoci da masu gidan raino da ma'aikatan jinya irinki, doka ta wajabta musu kai rahoto ga hukumar kare yara in sun ga alamar da ta sa su zargin an cuci yaro. Sawun waya a cinya yana cikin irin waɗannan alamu. Malamar da ta ja ki gefe wataƙila ta tsaya a nan, wataƙila kuma ta riga ta kai. Bincike irin wannan yana iya taɓa lasisin aikinki, yana iya taɓa matsayin Hajiya a matsayin baƙuwa, ga tashin hankalin da yaro zai shiga. In sun ƙwanƙwasa ƙofa, ku karɓe su da natsuwa, ku faɗi gaskiya, ku nuna matakin da kuka ɗauka, ku tuntuɓi lauya. Kada ku kuskura ku koya wa yaron ƙarya, domin yaro ba ya riƙe ƙarya, kuma za ku koya masa cewa ciwonsa abin ɓoyewa ne. Ko da babu wata doka, wayar caja ba abin taɓa jikin ɗan shekara huɗu ba ce. Ki rungume shi ki ce masa abin da aka yi masa ba daidai ba ne, kuma ba za a sake ba. Ita kuma Hajiya akwai hanyar gaya mata daga cikin al'adarmu: a gidan Bahaushe kaka ba mai hukunci ba ce, abokiyar wasa ce, ita ce ke kiran jikanta maigida, wurinta ake gudu in uwa ta ɗauko bulala. Ɗanta ya ce mata, "Hajiya, in ya yi laifi ki ajiye mini shi, ni zan ji da shi. Ke dai ki riƙe mijinki." In aka sake, to ba za a ƙara barin yaron da ita su kaɗai ba, ko da za a biya kuɗin ƙarin awanni a makarantarsa.

Kin ga sau nawa na ce "ɗanta ya ce". Nan ne gizo ke saƙa. "Ki yi haƙuri, uwa ce" magana ce mai sauƙin faɗa, domin mai faɗarta ba ya biyan komai, ke da yara kuke biya. Ban ɗauke shi mugu ba. Mutum ne da ke aiki kwana bakwai, yana tsoron fushin uwa, yana tsoron bakin 'yan'uwansa mata, yana tsoron dala 1,200, sai ya zaɓi ya danne wadda ya san ba za ta tsine masa ba. Amma a tsakanin uwa da mata, ɗa ne kaɗai zai iya faɗin magana mai ɗaci a yafe masa kafin magariba. In ke kika faɗa, shekara ashirin ana tunawa. Ki same shi a wajen gida, ranar da kuka yi barci ku biyun, ko da a cikin mota ne a bakin wani wurin shan iska. Kada ki fara da "mahaifiyarka ta yi". Ki fara da kanki: "Baban yara, ina kuka a mota kafin in shigo gida, kuma ina tsoron abin da zai same mu." Sannan ki roƙe shi abu ƙayyadadde: ya yi wa Hajiya maganar duka cikin kwana biyu, ya shirya zuwa wurin likita, ya tsayar da habaicin ƙannensa. Alƙur'anin da ya hana a ce wa iyaye ko "tir" a Suratul Isra'i, shi ne ya ce a Suratul Baƙara kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Biyun duk a wuyansa suke. Kwanukan da yake wankewa kuwa ba abin kunya ba ne da zai sunkuyar da kai in an ambata, domin Nana A'isha ta shaida cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Ya gaya wa Hajiya haka cikin ladabi, yana murmushi, hannunsa cikin kumfa. In ya kasa, ku nemi wanda Hajiya ke jin nauyinsa, kawunsa a gida ta waya, ko limamin masallacinku, ko wani dattijo daga cikin 'yan arewa mazauna can, irin na ƙungiyar Zumunta.

Sai batun zamanta. A nan ba zan yi kwana-kwana ba: Hajiya ta koma gida kafin ranar da aka rubuta mata. Ranar da ke aiki ita ce ta takardar shigowa da ake kira I-94, wadda za ku iya dubawa a intanet da lambar fasfonta, ba ranar da ke jikin biza ba. In ta wuce ko da kwana ɗaya ne, bizar ta mutu. In ta wuce da fiye da kwana 180 sannan ta fita, an rufe mata ƙofa shekara uku. In ta kai shekara, shekara goma. Tsoron maigidanki yana da tushe, domin a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku, kuma al'amarin ya ƙara tsauri daga baya. Zai yiwu a daɗe ba ta dawo ba. Amma wanda ya fita a kan lokaci yana da fuskar sake nema, wanda ya zarce kuwa ya yanke igiyar da hannunsa. Akwai takardar neman ƙarin lokaci, I-539, wadda ake so a shigar aƙalla kwana 45 kafin wa'adi, sai dai ba a ba da tabbacin amincewa, kuma "tana rainon jikoki iyayensu na aiki" dalili ne da jami'ai kan iya ɗauka a matsayin aiki, alhali mai bizar ziyara ba ta da izinin aiki. Kada ku rubuta ƙarya a takardar gwamnati don kauce wa wannan.

Na san abokansa za su ce masa ai saura shekara ɗaya ya nemi zama ɗan ƙasa, daga nan sai ya cika mata takardu. Gaskiya ne cewa ɗan ƙasa da ya kai shekara 21 yana iya nema wa iyayensa zama, mai katin dindindin kuwa ba ya iyawa. Amma ya ƙirga abin da ke tsakani: shekara ɗaya ko biyu tana zaune ba takarda, ba ta iya zuwa jana'izar ɗan'uwa ko auren jika, ba ta iya zuwa Umara, kullum gabanta na faɗuwa, ba inshora. Asibiti zai karɓe ta in abin gaggawa ne, dokar 1986 ta tilasta haka, amma takardar kuɗin za ta biyo baya, kuma kwana uku a gadon asibiti zai iya cinye kuɗin gidan raino na shekara. Ku biya lauyan shige da fice na awa ɗaya ya zayyana muku wannan, ya fi shawarar majalisa. Kuma akwai tambayar da ban ga an yi ba a duk wasiƙarki: an tambayi Hajiya ko tana son zama? Ina kyautata zaton in ɗanta ya tambaye ta su biyu, zai ji tana kewar ɗakinta fiye da yadda yake tsammani.

Dala 1,200 ɗin ma mu sake dubawa, domin lissafin kwana biyar ne, ku kuwa ba kwana biyar kuke buƙata ba. Da dare yana gida. Abin da ya rage shi ne yinin da ke biyo bayan aikinki, don ki yi barci, kwana uku ke nan a mako. In shugabar sashenku ta yarda ki riƙa ɗaukar daren Juma'a da na Asabar, shi kuma ya ajiye tuƙin ƙarshen mako ya zauna da yaransa, kwana ɗaya kawai ya rage. Ku ɗora abin da yake samu a tuƙin, bayan an cire mai da gyaran mota da haraji, a kan kuɗin raino, ku ga wanne ya rinjaya. Akwai mata masu lasisin raino a gidajensu, sun fi manyan wurare sauƙi, kuma wasu suna karɓar kwana biyu ko uku. Ki tambayi ofishin ma'aikata na asibitinku game da asusun da ake ware kuɗin raino daga albashi kafin a cire haraji, ku kuma tuna da rangwamen harajin kula da yara in lokacin cike takardu ya zo. Tallafin jiha da shirin gwamnati na kula da ƙananan yara, Head Start, sun dogara da yawan abin da kuke samu, ku bincika ko kun shiga. Yaron kuma da ya cika shekara biyar makarantar gwamnati kyauta ce. Sannan mako takwas kika ci daga 12, saura huɗu, ki tambayi asibitinku ko za ki iya amfani da su kafin jaririya ta shekara. Shi ma in ya cika sharuɗɗan a sitonsu yana da nasa. Ku jera su a bayan tafiyar Hajiya, naki sannan nasa, ku tara ɗan abin da zai riƙe ku tun yanzu. Matan masallacinku kuma ki shiga cikinsu da gaske, domin can ne gwaggonninki na Ohayo suke, ki karɓi na wata yau ta karɓi naki gobe.

Ƙannen miji kuwa, kada ki mayar da martani ko da kalma ɗaya, saƙon murya ba ya mutuwa. Ki kira babbar cikinsu ki gaishe ta kamar ba abin da ya faru. Shi ne zai yi magana sau ɗaya, a fili, cewa matarsa tana kwana a tsaye don gidan nan ya tsaya, kuma ba ya son ya sake jin sunanta a bakin kowa sai da alheri. Tun da aka saki darajar naira a 2023, duk dalar da aka ji a gida sai a buga ta da dubu da ɗoriya, ba wanda ke buga kuɗin hayarku. Ku tsayar da adadi ɗaya a wata, na Hajiya a gaba, sauran gwargwadon hali, kuma daga aljihunsa. Albashinki naki ne a shari'a, abin da kike zubawa a gidan kyautatawa ce, kuma hadisi ya ce mutum ya fara da waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsa.

Umma tana da gaskiya. A al'ada ita ce ta fi cancanta da jegon 'yarta, kuma ba wanda ya ba ta haƙuri. Ki kira ta lokacin da ba kya sauri, ki ce, "Umma, ke nake so, kunya ce ta hana ni faɗa, ki yafe mini." Kada ki kwashe laifin Hajiya ki zuba mata, don kada surukai biyu su ƙulla gabar da za ta fi ƙarfinku. Maigida ma ya kira ta da kansa. Ku sa ranar da za ki kai mata jikokin ko da na mako uku ne, ki faɗa mata watan, ta samu abin ƙirgawa.

Wata biyun da suka rage ki kashe su wajen gyara yadda Hajiya za ta tuna da ke. A kai ta Juma'a kowane mako, a nemo mata tsararrakinta ko 'yan Gana ne ko 'yan Nijar masu jin Hausa, a ba ta yini guda ba yaro a hannunta. Ranar da ba kya aiki ki dafa abu ɗaya da take so, ki zauna ku ci a kwano ɗaya. Kafin tafiyarta ku tara 'yan mutanenku a yi mata walima, ki tashi a gabansu ki faɗi hidimar da ta yi miki ta kwana arba'in, domin ta yi, kuma ke da bakinki kika shaida mini. Ki haɗa mata tsaraba da hannunki, har da ta ƙannen mijin nan. Amma tikitin komawarta a tabbatar da shi a makon nan, da rana a ƙalla mako guda kafin wa'adin, saboda jirgi kan iya ɓaci. Gidajen raino kuma layin jarirai yakan yi tsawo, don haka ranar Litinin ki kira uku ki sa sunan 'yarki. In kin ga likitarki, ki sake rubuto mini in ji abin da ta ce.